Ƙarar gayya a kotun Amurka: ka zauna a ciki, ka fita, ko ka bi wata hanya?

Bayan sallar Juma'a a unguwar Bronx ta birnin New York, wani bawan Allah mai tuƙin tasi ya miƙo mini wani ɗan kati da ya tsinta a akwatin wasiƙunsa, duk ya lanƙwashe a aljihu. Ya ce, "Malam, duba min wannan, ko 'yan damfara ne?" Ba su ba ne. Sanarwa ce da izinin kotun tarayya, cewa an maka wani kamfani da ya taɓa hulɗa da shi a kotu, alƙali ya amince shari'ar ta gudana da sunan duk wanda abin ya shafa, kuma shi ma yana ciki. Can ƙasan katin, da ƙananan baƙaƙe, akwai ranaku biyu: ranar ƙarshe ta cire suna, da ranar ƙarshe ta neman kaso. Ta farkon saura kwana 11.

A takardun kotu class action za ka ga an rubuta. Ni ƙarar gayya nake ce mata, domin ta yi kama da gayyar noma: gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya ce ake taruwa a kai. Sai dai a gayyar gida sai ka ɗauki fartanya ka je. A wannan kuwa ana sa sunanka ne ba tare da an tambaye ka ba, kuma idan ka yi shiru har ranar nan ta wuce, doka ta ɗauka ka yarda. Duk abin da aka yanke ya hau kanka, haƙƙinka na kai ƙara a kan wannan magana ya tafi. Shiru ma magana ce, shi ya sa na ga ya kamata a baje zaɓin a faifai.

Yadda ƙara ke zama ta gayya

Lauya ba ya wayar gari ya ce yana wakiltar mutum miliyan. Sai alƙali ya tabbatar, bisa Doka ta 23 ta ƙa'idojin shari'ar da ba ta laifi ba a kotunan tarayya, wadda ta samu siffarta ta yanzu a 1966. Sharuɗɗa huɗu ne na farko. Mutanen su yi yawan da ba za a iya jera su ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara ba, kuma kotuna sukan ɗauki 40 zuwa sama a matsayin isasshe. A samu tambaya guda da ta haɗa su. Kukan wanda aka sa a gaba ya zama irin na sauran. Sannan shi da lauyoyinsa su kasance masu iya riƙe amanar kowa. Idan diyyar kuɗi ake nema, akwai ƙarin biyu: abin da ya haɗa mutanen ya rinjayi abin da ya raba su, kuma gayyar ta fi sauran hanyoyi dacewa.

A nan ake gwabzawa ta gaske. Kamfani ya san idan alƙali ya amince, ƙarar dala 50 ta koma ta dala miliyan 50, kuma galibi sulhu ke biyo baya. Idan ya ƙi, yawancin mutane watsewa suke yi. Wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba yana da kwana 14 kacal ya nemi izinin ɗaukaka ƙara. Manyan irin waɗannan shari'o'i sukan ƙare a kotun tarayya ne saboda wata doka ta 2005, wadda ta buɗe ƙofa idan mutane sun kai 100, kuɗin ya haura dala miliyan 5, kuma akwai ko da mutum ɗaya da jiharsa ta bambanta da ta kamfanin.

Shari'ar Walmart ta isa misali. A 2001 wata ma'aikaciya mai suna Betty Dukes da 'yan'uwanta suka kai ƙara cewa ana fifita maza wajen albashi da ƙarin girma. Gayyar ta ƙunshi mata kusan miliyan ɗaya da rabi. Shekara goma ana ja, sai a 2011 Kotun Ƙoli ta rushe ta, ta ce manajoji dubbai ne suka yanke shawarwarinsu daban-daban a shaguna daban-daban, babu amsa guda da za ta warware kukan kowa. Kotun ba ta ce ba a zalunci matan ba. Cewa ta yi ba za a saurare su a dunƙule ba.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma shi ne uban sauran: nawa ka yi asara, kuma asararka irin ta kowa ce ko ta fi? Sai abin da zai fita daga aljihunka. Sai lokaci. Sai wahalar da za ka sha da kuma ikon da kake da shi a kan shari'ar. Sai haɗarin tashi a tutar babu. Na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa, ƙofar da sakamakon zai rufe maka har abada.

Zaɓi na ɗaya: zama a cikin gayya

Ba ka biyan ko sisi. Lauyoyi ne ke ɗaukar nauyi, idan an ci su yanki nasu daga kuɗin da izinin alƙali. Kotunan yammacin ƙasar, har da Kalifoniya, sun ɗauki kashi 25 cikin 100 a matsayin ma'auni, wasu wurare yakan kai kashi ɗaya cikin uku. Idan an faɗi, ba mai bin ka bashi. Ba za a kira ka kotu ba, ba mai titsiye ka da tambayoyi. Aikinka kawai cike fom kafin wa'adi.

Abin da ake samu kuwa ya bambanta matuƙa. Masu motocin Volkswagen masu injin dizil, kusan 475,000, sun samu a sulhun 2016 kamfani ya sayi motocinsu ko ya gyara, da ƙarin kuɗi tsakanin dala 5,100 zuwa 10,000 ga kowa. Mutanen jihar Illinois da suka nemi kaso a sulhun Facebook na dala miliyan 650 kan tantance fuska sun karɓi dala 397 kowannensu a 2022. A gefe guda ga Equifax, kamfanin tattara bayanan bashin mutane, da aka sace bayanan mutum miliyan 147 a hannunsa a 2017. An yi shelar kowa zai iya samun har dala 125, ashe dala miliyan 31 kawai aka ware wa wannan ɓangare, da masu nema suka yi yawa sai rabon ya koma 'yan daloli.

Akwai wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta binciki sulhu 149 a 2019, ta tarar a tsaka-tsakin shari'a kashi 9 cikin 100 ne kawai na mutane ke neman kasonsu. Sauran sun sallama haƙƙinsu, kuma ba su karɓi komai ba. Mutanenmu da ke canja gida akai-akai, ko suke jefar da duk wasiƙar da ba su gane ba, suna cikin waɗanda wannan ya fi ci.

Lokaci: shekara biyu zuwa biyar ba abin mamaki ba ne, kuma ko an yi sulhu, mutum ɗaya ya ɗaukaka ƙara sai biyan ya tsaya. Iko: kusan babu. Abin da kake da shi ɗaya ne, kana iya rubuta wa alƙali cewa sulhun bai yi ba, domin doka ta wajabta masa ya gamsu cewa an yi adalci kafin ya sa hannu. Wanda ya fita ya rasa wannan baki.

Kuma zama a ciki ba tabbacin samu ba ne. A 2011 Sergio Ramirez ya je sayen mota a Kalifoniya, dillali ya ce rahoton TransUnion, kamfanin tattara bayanan bashin mutane, ya nuna sunansa ya yi daidai da na wani a jerin 'yan ta'adda da masu safarar ƙwaya na gwamnati. Suna kawai aka gwada, ba a duba ranar haihuwa ba. Da sunan matarsa aka sayi motar. Duk mai amsa sunan Muhammadu ko Usmanu a ƙasar nan ya san zafin irin wannan. Gayyar ta haɗa mutum 8,185, kuma sun ci shari'ar. Amma a 2021 Kotun Ƙoli ta ce mutum 1,853 ne kawai, waɗanda aka tura rahotonsu ga wasu, suke da hurumin neman diyya a kan wannan. Sauran 6,332 tabon yana cikin fayil ɗinsu amma bai fita ba, don haka aka ce ba su cutu ba.

Zaɓi na biyu: cire suna ka tsaya da ƙafarka

A nan komai naka ne, riba da faɗuwa. Kuɗin shigar da ƙara a kotun tarayya dala 405 ne, amma wannan somin taɓi ne. Lauya yakan yarda a biya shi daga abin da aka ci, kashi 33 zuwa 40 cikin 100, sai dai ba zai karɓi shari'ar da kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. A Amurka kowa shi ke biyan lauyansa ko ya ci ko ya faɗi, in ba wata doka ta ce akasin haka ba. Kuɗin ƙwararrun shaidu kaɗai yana iya cinye dubban daloli. Wani fitaccen alƙalin ɗaukaka ƙara, Richard Posner, ya taɓa rubutawa a 2004 cewa mahaukaci ne ko mai tsattsauran ra'ayi kawai zai kai ƙara a kan dala 30.

Wahalar ma ba kaɗan ba ce. Za ka zauna sa'o'i lauyoyin kamfani suna yi maka tambayoyi bisa rantsuwa, su nemi saƙonnin wayarka, takardun banki, wani lokaci har na asibiti. A madadin haka kai ke da wuƙa da nama: kai za ka karɓi sulhu ko ka ƙi, kuma asararka ta kanka za a auna, ba matsakaicin na jama'a ba. Shi ya sa manyan asusun fansho sukan fice daga ƙararrakin hannun jari. Asararsu ta miliyoyi ce, suna da ƙarfin ciniki.

Hattara da agogo. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1974, shigar da ƙarar gayya yana tsayar da wa'adin kai ƙara ga duk wanda ke ciki. Ranar da ka fita, ko aka ƙi amincewa da gayyar, agogon ya ci gaba daga inda ya tsaya. Akwai kuma wa'adin da ba ya tsayawa ko kaɗan, kamar na shekara uku a wasu ƙararrakin hannun jari, kamar yadda kotun ta tabbatar a 2017. Kada ka cire suna sai lauya ya riga ya ce maka zai karɓi shari'ar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ƙaramar ƙofa a cikin wannan zaɓi, kotun ƙananan ƙararraki ta jiha. Kuɗin shiga kaɗan ne, ba dole sai da lauya ba, cikin 'yan watanni an gama. Iyakar abin da ake nema dala 10,000 ne a birnin New York, 12,500 a Kalifoniya, 20,000 a Texas. Wata mata a Kalifoniya, Heather Peters, ta gwada. Ta fice daga sulhun da ke ba masu motar Honda Civic dala 100 zuwa 200 da rangwamen sayen sabuwa, ta kai ƙararta kan cewa motar ta fi shan mai yadda aka tallata. A farkon 2012 ta ci dala 9,867. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, ya zo da lauyoyinsa, cikin 'yan watanni aka soke hukuncin. Ta rasa na gayya, ta rasa nata.

Zaɓi na uku: ƙararrakin da aka tattara

Mutane da yawa suna rikita wannan da gayya, alhali sun sha bamban. Idan magani, na'ura ko sinadari ya illata jikin mutane, kotu ba ta cika amincewa da gayya ba, domin ciwon wani ba irin na wani ba ne. Kotun Ƙoli ta nuna haka a 1997 lokacin da ta ƙi wani gagarumin sulhu na waɗanda suka shaƙi ƙurar asbestos. Abin da ake yi, bisa dokar 1968, kowa ya shigar da tasa ƙarar da lauyansa, sai wani kwamitin alƙalai bakwai ya kwashe su daga sassan ƙasa ya miƙa wa alƙali guda don tattara shaida. A gwada 'yan kaɗan a ga inda iska ta kaɗa, sannan a zauna ciniki. Haka aka yi wa ƙararrakin tsoffin sojoji fiye da 200,000 kan abin toshe kunne na kamfanin 3M a wata kotu a Filorida, aka ƙare da sulhun dala biliyan 6 a 2023.

Ba mai sa ka a ciki kana barci. In ba ka kai ƙara ba, ba ka ciki, kuma wa'adinka yana tafiya. Kuɗin lauya kamar na mai zaman kansa ne, da ƙarin wani kaso ga lauyoyin da suka ja ragama. Rabo kuwa gwargwadon ciwo ne da takardun asibiti, kuma kana da damar ƙin sulhun. Matsalarsa jira, da kuma lauyoyin talla masu tara dubban mutane ba su san fuskar ko ɗaya ba.

Wanda ya tashi a Kano ya san tsawon shari'ar cutar da jiki. Gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer, wanda ya ƙunshi yara 200, lokacin annobar sanƙarau ya faru a 1996. Iyalai suka kai Pfizer ƙara a kotun tarayya a New York a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su damar ci gaba a 2009, aka rufe maganar da sulhu a 2011, kamfanin bai amsa laifi ba. Yaron da aka haifa shekarar annobar ya kai shekara 15.

Zaɓi na huɗu: raba gardama a wajen kotu

Sau da yawa wannan ba zaɓi ba ne, an riga an zaɓa maka ranar da ka danna "na yarda" a waya. Yarjejeniyar banki, layin waya, manhajar tuƙi da ta aiki sukan ƙunshi sharaɗin cewa ba kotu, ba gayya, sai gaban mai raba gardama mai zaman kansa. A 2011 Kotun Ƙoli ta halatta hakan a shari'ar wasu ma'aurata da kamfanin waya AT&T ya caja dala 30.22 na haraji a kan wayoyin da aka ce kyauta ne. A 2018 ta ce ya hau kan ma'aikata ma. Dokar 2022 ta keɓe ƙararrakin cin zarafi da tsangwama ta lalata, su kam ba a tilasta wa mai ƙara.

Arha ne a ɓangarenka: a JAMS, ɗaya daga cikin cibiyoyin raba gardama, kuɗin mai sayayya dala 250 ne, sauran na kamfani. Ya fi kotu sauri. Amma a ɓoye ake yi, kuma idan aka yanke, kusan babu ɗaukaka ƙara ko da an yi kuskure. Wani sabon salo ya ɗan sauya lissafin: lauyoyi su tara dubban mutane kowa ya shigar da tasa rana ɗaya, kuɗin rajista ya rufta kan kamfani. A 2020 alƙali William Alsup ya umarci DoorDash, kamfanin kai abinci gida, ya shiga raba gardama da direbobi 5,010, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 9. A 2021 Amazon ya cire sharaɗin daga yarjejeniyar masu sayayya bayan buƙatu kusan 75,000 sun sauka a kansa.

| Ma'auni | Zama a gayya | Fita kai kaɗai | Tattararrun ƙararraki | Raba gardama |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi daga aljihu | Babu | Dala 405 da kuɗin shaida | Galibi babu sai an ci | Kaɗan |
| Kason lauya | Kusan kashi 25 zuwa 33 | Kashi 33 zuwa 40 | Kashi 33 zuwa 40 | Yadda kuka daidaita |
| Lokaci | Shekaru | Shekara ɗaya zuwa uku, ko fiye | Shekaru da dama | Watanni zuwa shekara |
| Wahala | Cike fom | Mai yawa | Takardun asibiti da tambayoyi | Matsakaiciya |
| Iko | Ƙorafi ga alƙali kawai | Duka | Karɓa ko ƙin sulhu | Mai yawa, ba ɗaukaka ƙara |
| Babban haɗari | Ƙaramin kaso, ƙofa ta rufe | Tashi hannu rabbana | Wa'adi ya wuce ka | Hukuncin da ba ya gyaruwa |

Wa ya dace da wanne

Idan asararka ba ta wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, kuma irin ta kowa ce, kamar cajin banki da ba ka sani ba ko bayanan da aka sace ba a yi amfani da su ba, ka zauna. Amma ka cike fom ɗin a ranar, ka ajiye lambar shaida, ka sanar da su in ka canja gida. Adireshin intanet da ke jikin katin da lambar shari'ar su za ka bi. Duk wanda ya nemi ka biya kafin a ba ka kaso, ɗan damfara ne.

Idan abin da ya same ka ya zarce na jama'a, an ci bashi da sunanka, ka rasa gida ko aiki, motar ta yi haɗari da kai, to kada ka bari a auna ka da mudun kowa. Ka kai wa lauya katin tun wa'adi da saura, ka ce ya karanta maka sashen da ke lissafa abin da za ka yafe. Wani sulhun ya bar ƙofar raunin jiki a buɗe, wani ya rufe komai. Wannan sashe ya fi adadin kuɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe muhimmanci.

Asarar dala dubu biyu zuwa goma, da rasit da hotuna a hannu, ita ce mai wuyar yankewa. Ni dai ina ganin kotun ƙananan ƙararraki ta fi dacewa da abin da takarda ke nunawa ƙarara, kamar kuɗin ajiya da aka hana ka, ba abin da sai injiniya ya yi bayani ba.

Ciwon jiki daga magani ko kaya, lauyanka na kanka, yau ba gobe ba.

Masu aikin kula da tsofaffi, masu kai saƙo da ma'aikatan sito, ku lura da wannan: ƙarar kuɗin ƙarin lokaci a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta tarayya a juye take. Ba ka ciki sai ka sa hannu a takardar amincewa an kai kotu, kuma wa'adin shekara biyu, ko uku idan da gangan aka yi, yana cin kuɗinka mako-mako har ranar da aka shigar da takardar. Doka ta hana mai aiki ya kore ka don ka shiga.

Direban nan da na fara da shi, da muka lissafa, abin da aka cire masa bai kai dala 100 ba, kuma babu wata ɓarna da ta biyo baya. Muka zauna a benci a ƙofar masallaci, ya buɗe wayarsa, muka shigar da lambar da ke jikin katin. Tsohon adireshinsa ne a rubuce, na gidan da ya bari shekara biyu da suka wuce, ashe wani maƙwabcinsa na da ne ya kawo katin ya jefa masa a akwati. Muka gyara, ya ɗauki hoton lambar shaidar, ya koma bakin aiki.